Wuƙar da Ba Ta Tsatsa

Da sunan Wanda Ya ɓoye ƙarfe cikin dutse, Ya ɓoye wuta cikin gawayi, Ya ɓoye wauta cikin ƙirjin mai ganin kansa gwani. Ku da kuka kawo gyaran fartanya, ku ajiye ta ku zauna, wutar ba ta kama ba tukuna. Ni ne Tunau maƙeri, mutumin Tungar Zartsi. Na taka ƙasashe uku da ba a san sunansu a nan ba, na samo abin da na je nema, na kawo shi gida, kuma da ma ƙafata ta karye a hanya.

Tungar Zartsi tana bakin wani tafki ne da ba a hango ɗaya gaɓarsa, ruwansa gishiri-gishiri, ko jaki ba ya sha. A ƙasan tafkin akwai tsohon kurmi da ruwa ya haɗiye tun zamanin kakanni, itatuwansa na tsaye har yau, giwan ruwa na kiwo a tsakaninsu. Da taru muke su. Duk sanda taru ya sarƙe a reshe, sai mutum ɗaya ya yi nutso ya kwance shi. In kuwa tarun ya naɗe shi, to ba shi da mai ceto sai wuƙar da ke ɗaure a damtsensa da numfashi ɗaya da ke ƙirjinsa. A al'adarmu ɗan fari na ruwa ne, na biyu na wuta. Saboda haka wana Anaruwa ya bi mahaifinmu nutso, ni kuma aka miƙa ni maƙera.

Ƙarfenmu baƙi ne. Tama muke narkawa, mu ciyar da ita gawayi daidai gwargwado, mu ƙera, mu tsoma a ruwa da zafinsa, sai ya yi taurin da kaifinsa zai aske gashin hannu. In ka goga shi a dutse, tartsatsinsa fari ne mai rassa. Aibinsa ɗaya ne: ruwan tafkinmu na cinsa. Ka yi sakaci kwana ɗaya, ka tarar da wuƙarka ta yi ja. Shi ya sa kowace safiya kafin a tura jirage masu nutso ke jeruwa a kan wani falalen dutse a bakin ruwa, kowa na kankare tsatsar jiya yana shafa man kaɗe. Ba wanda ke cewa zai wasa wuƙa, cewa ake za a wanke mata fuska. Amma mai goga wuƙa a dutse, ko ya nufa ko bai nufa ba, kaifi yake fitarwa.

Ina da shekara ashirin da biyu taru ya naɗe Baba. Da aka ciro shi, ƙotar wuƙa kaɗai ce a hannunsa. Tsatsa ta bi ta cikin ƙota inda ido ba ya kaiwa, ta cinye wutsiyar ƙarfen, yana cikin yanka igiya ta ɓalle. Ni na ƙera wuƙar nan. Ba wanda ya ce mini uffan, amma tun daga ranar na ƙi jinin baƙin ƙarfe, kuma duk sanda Anaruwa ya sulale cikin ruwa sai in kafa wa wurin ido har ya fito. Na taɓa ji a bakin fatake cewa can gabas, bayan wani dutse mai fizgar ƙarfe, akwai birnin da ƙarfensu ke shekara cikin ruwa bai sake kama ba. Na rantse sai na kawo wa wana wannan ƙarfe, don kada a ciro shi yadda aka ciro Baba.

Anaruwa ya yi ƙoƙarin hana ni. Mutum ne mai magana a hankali, kamar yana tsoron kada ta ƙare. Ya ce abin bai kai ga barin gari ba, in dai riƙa yin ƙota mai fita, duk Juma'a a zare ta a duba a shafa mai, shi ke nan. Na yi masa kallon wanda bai san darajar sana'a ba. Ina zancen canza duniya, yana zancen ƙota! Na ɗauki masabata da awartakina da wuƙa ɗaya, na kama hanya.

Bayan wata tara na isa Birnin Lanƙwasa. Mutanen nan ƙarfensu gawayi kaɗan suke ba shi, don haka laushi gare shi, suna saƙa shi yadda ake saƙa zana. Gidajensu da gadojinsu da ganuwarsu duk saƙar ƙarfe ce, ba ta karyewa ko giwa ta jingina. Na ga mutum biyu sun zare takubba a kasuwa, sara ɗaya takubban suka lanƙwashe, kowa ya sa nasa ƙarƙashin ƙafa yana miƙewa, kafin su gama fushin ya huce suka tafi shan fura. Gaskiya ban taɓa ganin ƙarfen sarƙa da ƙusa kamar nasu ba. Amma ba ya yanka ko kabewa da daɗi, kuma tsatsa na cinsa kamar namu.

Da na yi shiru na wuce, da ba komai. Sai bakina ya ja mini. Na zaro wuƙata a gaban maƙeransu, na feƙe sandar ƙarfensu kamar rake, ina jiran tafi. Ashe sarkin garin ya haramta kaifi tun da aka kashe kakansa da shi. Dogarai suka karɓe wuƙar, suka jefa ni kejin ƙarfe a tsakiyar kasuwa, suka rataye masabata da awartakina a samansa don 'yan kallo. Na yi wata biyu ana zuwa ana nuna ni da baki.

Abu ɗaya na roƙa, a ba ni kasko da gawayi in riƙa dafa abincina, na ce tuwonsu ba ya zama a cikina. Suka ba ni. Na zare ƙusa ɗaya daga ƙasan kejin, na dake bakinta da dutse, na lulluɓe ta da garin gawayi da ƙonannen ƙashi cikin dunƙulen yumɓu, na binne ta a gindin wutata kwana shida. Ƙarfe mai laushi yunwar gawayi yake yi, in ka ba shi zai ci. Ran na bakwai na fasa yumɓun, na tsoma ƙusar a ruwan shana da zafinta, ta fito da baki mai tauri. Da tsakar rana, lokacin da duk birnin ke rufe ido a inuwa, na datse sanduna biyu, na sauke kayana, na fita ta ƙofar yamma ina tafiyar mai zuwa ɗibar ruwa.

Daga nan na faɗa Ƙasar Zubi, inda suka yi akasin na farko. Su ɗura wa ƙarfe gawayi suke yi har ya narke yana gudu kamar kunu, su zuba shi cikin ramukan yashi ya daskare da siffar da suke so. Tukunyarsu in ka sauke ta da safe, da la'asar miyar na da zafi. Magagari, abin da muke gurzar ƙarfe da shi, in ya hau ƙarfensu zamewa yake yi, kuma su ma haka zukatansu suke. Duk baƙon da ya shigo, sai su zuba masa mari a ƙafa su sa shi zuga wuta, suna alfahari cewa tun da aka kafa ƙasar ba a taɓa goge marinsu ba. Ba su yi ƙarya ba, shekara uku ina gogawa, ko zane ban yi masa ba.

Wata rana wata mata ta kawo wa masu zuga abinci, tukunyar ta suɓuce mata ta faɗi a kan dutse. Sai na ga ta tarwatse gida biyar kamar tulu. Nan take masu gadi suka rufe ɓaraguzan da tabarma, suka ce ba wanda ya ga komai, don a ƙasar nan cewa ƙarfe ya fashe laifi ne. Na yi dariyar da ban yi ba cikin shekara uku. Washegari da aka tura ni ɗebo gawayi, na ɗora marin a kan dutse, na ɗaga masaba na ba shi ɗaya, ya tarwatse. Ƙafata ta yi wata guda tana kumburi, amma da ita na tsere.

A nan ya kamata in juya gida. Na ga ƙarfen da aka rage wa gawayi yana lanƙwashewa, na ga wanda aka cika wa yana fashewa, na kuma gane cewa kakannina da na raina sun zauna a tsakiya ne da saninsu. Amma shekara biyar sun riga sun tafi, kuma kunya ta hana ni komawa hannu sake in ce wa Anaruwa zo mu gyara ƙota.

Dutsen da fatake suka faɗa gaskiya ne. Tun kana tafiyar yini ɗaya da shi za ka ji buhunka na janka gaba. Da na shiga ƙwarin da ya ratsa shi, masabata ta yage buhu ta tashi sama, awartaki ya bi ta. Na ɗaga kai na ga bangon dutsen a manne da takubba da fartanyu da allurai da linzamai na duk wanda ya taɓa wucewa, sun yi jawur da tsatsa, in an yi ruwa ja ne ke gangarowa. Na fito ɗaya gefen ba ni da ko ƙusa.

A can Birnin Ƙyalli yake. Rijiyoyinsu da gugansu da kwanukansu duk farin ƙarfe ne, ka duba ka ga haƙoranka. Shugabar maƙeransu wata tsohuwa ce, Iya Gwamma, mai ido ɗaya, tartsatsi ya ɗauke ɗayan. Ta kai ni wani kwami da aka jiƙa ludayi a ruwan gishiri tun tana yarinya, ta ciro shi, kamar jiya aka ƙera. Na zauna a ƙasa na yi kuka, don Baba na tuna. Shekara biyar na yi ina yi mata zuga kafin ta nuna mini duwatsu biyu da suke haɗawa da tama, da yadda suke rage gawayi har ya kusa zama babu. Wannan ƙarfen dutse ba ya fizgarsa, don haka ana iya fita da shi.

Ran da na yi sallama, na ɗaure sanduna arba'in a bayan jaki, sai ta tambaye ni me zan ƙera da su. Na gaya mata. Sai ta ɗauki sanda ɗaya ta ƙera wuƙa a gabana, ta tsoma a ruwa da zafinta, ta ɗora mata magagari, sai ga shi yana ci kamar ba a tsoma ba. Ta goga ta a dutse, tartsatsin ɗan kaɗan, gajere, ja-ja. Sannan ta sa aka kawo jiƙaƙƙiyar igiyar rama. Yankan farko ya wuce sumul. Na biyar sai da ta danna. Na goma sha biyu tana ta gurzawa, igiyar na murɗewa.

Ta ce, "Ɗana, wannan ƙarfen na kwano ne da guga da ƙugiyar jirgi. Ba ya riƙe kaifi. Muna da wani farin da ke ɗaukar tauri, amma shi dutse na fizgarsa, ba za ka fita da shi ba, kuma ruwan gishiri na yi masa tabo. In dole sai ka kai wannan, ka gaya wa mutanenka su wasa shi kullum, fiye da yadda suke wa baƙin. Shi in ya dakushe ba ya nunawa a fuska."

Na ce to, Iya. Na ji kowace kalma, kada wani ya ce ban ji ba.

Shekara goma sha ɗaya cif da fitata na shiga Tungar Zartsi. Anaruwa na nan da ransa, furfura ta fara masa, ya auri wata mace mai suna Tarana, mai kaifin ido da ƙarancin dariya. Ashe bayan tafiyata ya sa maƙerin da ya maye gurbina ya yi ƙota mai fita, kuma cikin shekarun nan ba wuƙar da ta sake ɓallewa a hannun kowa. Wannan labari ya kamata ya faranta mini rai. Ɓata mini rai ya yi.

Na ƙera farar wuƙa, na ɗaure ta da baƙa a igiya ɗaya, na zura su tafki a gaban dattawa. Bayan kwana bakwai aka ciro. Baƙar ta yi ja kamar an tsoma ta a manja, farar kuwa har wani tsoho ya gyara rawaninsa a jikinta. Na wasa ta da kyau tun kafin in zura ta, don haka da aka miƙo igiya, yanka ɗaya ta raba ta. Aka buga ganga. Mata suka yi guɗa, maroƙa suka kira ni wanda ya kashe tsatsa. Maganar Iya Gwamma na bakina a lokacin, wallahi tana kan harshena, amma yaya za ka tsayar da ganga ka ce abin da ka yi shekara goma sha ɗaya kana nema bai kai na gida yanka ba? Na ce gobe zan faɗa. Gobe ta yi, na ce sai an huce.

Cikin wata guda kowane mai nutso na da farar wuƙa, kuma falalen dutse ya zama wurin shanyar kifi. Ba lalaci ba ne. Mutanenmu ba su taɓa sanin wasa wuƙa suke yi ba, fuska suke wankewa, ga shi kuwa fuska ba ta datti. Na yi dabara na ce a riƙa kawo mini su duk wata in ƙara musu ƙyalli, ina wasa su a ɓoye. Na yi haka sau biyu. Daga nan garuruwan gaɓa suka fara aiko a kira ni, nan a yanka mini rago, can a ba ni riga, na shiga yawon cin girma.

Mutum ɗaya ne ya rage a falalen dutse kowace safiya, Anaruwa, da tsohuwar baƙar wuƙarsa da ɗan kwanon man kaɗe. Farar da na ƙera masa da hannuna, wadda ta fi ta kowa kyau, tana rataye a ɗaki. Mutane suka fara zolayata, wai maƙerin da wansa ma bai yarda da shi ba. Abin ya ci ni. Wata safiya na same shi a gaban masu tura jirage, na ce masa saboda shi na sha keji, saboda shi na sha mari, ga ƙafata har yau ba ta miƙe ba, shi ne zai mai da ni abin dariya a garin ubana. Na faɗi maganganu da yawa, murya a sama.

Ya bari na gama. Sannan ya goge baƙar wuƙar, ya mayar da ita kube, ya miƙa wa na kusa da shi ya ce a kai gida a karɓo farar.

Ya ce, "Shi ke nan, ƙanena. Ba za a yi maka dariya saboda ni ba."

Na ji daɗi. Ku rubuta wannan a kaina, na tafi gida ina jin daɗi. Na ce a raina tasa dai zan riƙa wasa ta duk mako. Mako na farko na yi. Na biyu aka kira ni wani gari, na yi kwana goma sha tara.

Ina dawowa da hantsi na hango jirage sun taru wuri ɗaya a tsakiyar ruwa, ba mai waƙa. Da suka kawo shi gaɓa, wuƙar na hannunsa, lafiyarta ƙalau, ba ta karye ba, ba ta lanƙwashe ba, rana na wasa a jikinta. Igiyar da ta naɗe ƙafarsa tufka uku ce. Ya yanke biyu. Na karɓi wuƙar na ɗora ta a kan tufkar da ta rage, ni da ke tsaye a tudu ina numfashi yadda na ga dama, sai da na gurza sau talatin da ɗaya.

Bayan an binne shi na hau falalen dutse na gaya wa gari duk abin da Iya Gwamma ta ce. Na so a jefe ni. Dattawa suka ce kwanansa ne ya ƙare, in yi haƙuri. Masu nutso suka koma ga baƙin ƙarfe ba tare da sun dube ni ba, suka ba matansu fararen, matan kuwa suka ce ba su taɓa samun wuƙar yanka albasa mai daɗin wankewa kamarta ba. Shekara goma sha ɗaya na rayuwata, can ta ƙare a kwandon kwanuka.

Saura Tarana. Ran sadakar bakwai, bayan mutane sun watse, na shiga na durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta. Tana zaune a tabarma cikin takaba, ba ta ɗago ba. Na ce mata na zo in faɗi abin da ta riga ta ji, na san wuƙar ba ta riƙe kaifi tun kafin in kawo ta, na ɓoye, shi kuma ya yarda da ni bai sani ba.

Ta ce, "Wa ya ce maka bai sani ba?"

Ba ta jira amsata ba, ta ci gaba.

"Shekara ashirin yana nutso, Tunau. Ran da ka ba shi ita ya gwada ta a igiyar gugana, bai kai yanka goma ba ya rataye ta. Na ce ya je ya gaya maka, ya ce kai maƙeri ne, ka fi shi sani, yana jira ka faɗa da bakinka don kada a ce shi ya tona ka. Da ka tafi yawonka na ce to ya wasa ta a dutse. Ya ce in aka gan shi yana wasa farar wuƙa, gari zai gane, kuma ya riga ya yi maka alkawari."

Na ce ta yafe mini. Ta ce wannan tsakanina da shi ne, ita ba ta da abin yafewa, ba ta kuma da abin ba ni, in tashi rana na yi.

Na tashi. Ban kai ƙofar gida ba na ji ƙarar tsintsiya a bayana, tana share inda na durƙusa.